Zanen jirgin yaƙi mai sa hannun matuƙa: na gaske ne, kuma ya kai kuɗin da aka sa masa?

"Salam Malam. Ni mai son tarihin Yaƙin Duniya na Biyu ne tun ina sakandare. Na ci karo da wani hoton zane a eBay, Spitfire ne, jirgin yaƙin Ingila, ya biyo jirgin Jamus, an rubuta 412/1000 a ƙasa, ga sa hannun matuƙa biyar ciki har da Adolf Galland da Johnnie Johnson. Mai shi yana Ingila, ya sa fam 380, wai jari ne tunda duk matuƙan sun mutu kuɗinsa sai dai ya hau. Ƙanina yana karatu a can, zai iya karɓo min ya taho da shi Kano. Ta yaya zan gane sa hannun na gaske ne? Kuma da gaske kuɗin zai hau ko asara zan tafka?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambaya biyu ka yi amma uku ce, domin bayan maganar na gaske ne ko jabu da maganar ko zai yi tsada nan gaba, akwai wadda ba ka yi ba, wato yadda takardar za ta rayu a Kano tsakanin damina da hunturu. Aikina sa firam ne da gyaran tsofaffin hotuna, irin waɗannan zanen sun sha biyowa ta teburina, toh bari in faɗa maka abin da na sani.

A taƙaice dai, akwai kyakkyawan zaton sa hannun na gaske ne, amma maganar jari ka ajiye ta gefe. Kuma dalilin guda ɗaya ne ya haifi amsoshin biyu: waɗannan dattawan sun sa hannu da yawa ƙwarai.

Daga ina wannan kasuwa ta fito

Abin da kake gani ba shi ne ainihin zanen da mai zane ya yi da fenti ba, wancan guda ɗaya ne yana hannun wani mai kuɗi ko gidan tarihi. Naka kwafi ne da aka buga a injin ɗab'i a kan takarda mai kauri, aka ƙayyade adadinsa. 412/1000 ɗin nan yana nufin an buga dubu, naka shi ne na 412, kuma kar wani ya ce maka ƙaramar lamba ta fi kyau, duk daga faranti ɗaya suka fito.

Harkar ta kankama ne a Ingila wajen ƙarshen shekarun 1970, lokacin da masu buga zane suka gane cewa mazan da suka tuƙa jiragen nan suna raye, sun yi ritaya, kuma mutane suna ƙaunarsu. Wanda sunansa ya fi fita shi ne Robert Taylor na garin Bath, kamfanin Military Gallery ke buga masa, daga baya irin su Nicolas Trudgian suka shigo, a Amurka kuma akwai William S. Phillips da wasu. Yadda ake yi, in an gama bugu sai a ɗauki tarin takardun a kai wa matuƙin gida ko a tara su a otal ko wajen bikin nuna jirage irin na Duxford, ya zauna da fensir yana sa hannu ɗaya bayan ɗaya har dubun ta ƙare, a biya shi ko a ba wata ƙungiyar tsofaffin sojoji kuɗin. Daga nan a wuce wajen na gaba.

Abin da ya ƙara wa harkar armashi shi ne a ga tsofaffin abokan gaba a takarda ɗaya. Galland ɗin da ka ambata ya harbo jirage 104 a lissafin Jamus, shi ne ya shugabanci rundunar jiragen farautarsu, ya rasu 1996. Johnson na Ingila kuma ya harbo 34 shi kaɗai, ya rasu 2001. Akwai labarin da masu tara irin wannan kaya ba sa gajiya da shi, na Douglas Bader, Baturen da ya rasa ƙafafunsa biyu a haɗarin jirgi a 1931 amma ya koma tuƙi da ƙafafun roba, da jirginsa ya faɗi a Faransa a watan Agusta 1941 aka kama shi, Galland ya karɓe shi da mutunci har aka aika wa Ingila saƙo suka jefo masa wata ƙafar ta lema, bayan yaƙi kuma suka zama abokai. Irin wannan labarin ne ake sayarwa tare da takardar. Ni dai a nawa ganin kar mutum ya bari kyan labarin ya mantar da shi cewa a ƙarƙashin Hitler matuƙan Jamus ɗin suka yi yaƙi, shi ya sa ma a wutsiyar jirginsu za ka ga tambarin Nazi, wasu masu talla suna rufe shi a hoto saboda dokar Jamus ta hana baje shi haka kawai.

Yadda ake duba sa hannun

Fara da abin da ba ya buƙatar ka taɓa takardar: lissafin shekaru. A ƙasan kusan kowane bugu akwai ƙananan rubutu da ke nuna sunan kamfani da shekarar da aka buga, sai ka gwada da shekarar da kowane matuƙi ya rasu. Bader ya rasu 1982, Erich Hartmann na Jamus da ya harbo 352 ya rasu 1993, Günther Rall na Jamus mai 275 ya kai 2009, Saburo Sakai na Japan 2000. In ka ga bugun 1998 ɗauke da hannun Bader a jikin takardar toh akwai magana. Haka in aka ce maka ga Richard Bong, gwanin Amurka mai 40, ko Hans-Joachim Marseille na Jamus, wannan ko tambaya babu, Bong ya mutu ran 6 ga Agusta 1945 yana gwajin sabon jirgi, Marseille ya mutu a hamadar Masar a Satumba 1942, tun kafin a yi mafarkin wannan kasuwa. Hanyar da irin sunayensu ke shiga ita ce a yanko tsohon sa hannu daga wasiƙa ko littafin aiki a maƙala shi a kwalin gefen firam, kuma a nan ne jabu ya fi yawa, domin guntun takarda ce wadda ba wanda ya san daga ina ta fito. Akwai kuma masu bugun da suka sa dattawan sa hannu a fararen takardu tun suna raye daga baya aka yi zane a kai, masu gaskiya a cikinsu suna faɗa ƙarara a bayanin kayan.

Nau'in bugun ma yana ba da shekara. Tsofaffin duk bugun ofset ne, in ka sa madubin ƙara girma za ka ga hoton ɗigo-ɗigo ne a jere cikin tsari. Wanda ake kira jikile, na babbar firinta mai fesa tawada, bai shigo ba sai wajen 1990, ɗigonsa a warwatse yake. Kaga kenan jikile da hannun wanda ya mutu a 1982 ba za su haɗu ba.

Na biyu, kuma wannan ya fi komai ƙarfi, shi ne kowane bugu na sanannen mai zane yana da tarihinsa a rubuce. An san sunan zanen, an san kwafi nawa aka yi, an san su wa da wa suka sa hannu, an san girman takardar. Ka nemi sunan zanen wajen mai sayarwa ka bincika a shafukan dillalai biyu ko uku. In ko'ina an ce matuƙa huɗu ne a kan kwafi 1250 shi kuma naka biyar ne a kan 1000, sai ya yi maka bayani. Wani lokacin bayanin mai kyau ne, mai shi na farko ya ɗauki takardar ya kai wajen biki wani matuƙin ya ƙara nasa, amma wannan ƙarin ba kamfani ne ya tsaya masa ba, ka ɗauke shi a matsayin kyauta kar ka biya kuɗi dominsa.

Sai abin da ƙaninka zai yi da idonsa. Sa hannun gaske a irin wannan kaya kusan kullum da fensir ne a farin gefen ƙasa, ba a cikin hoton ba, saboda fensir ba ya koɗewa da rana kamar biro ko alƙalamin maka. Ya kashe fitilar ɗaki ya haska tocilan ɗin waya daga gefe, a kwance da takardar. Fensir yana ɗan ƙyalli, kuma ana ganin inda bakinsa ya danna takardar, wani wuri da nauyi wani wuri sama-sama. Wanda inji ya buga shafe yake, ba danni ba ƙyalli, a madubi kuma zai fashe ya zama ɗigo. Ya duba kuma ko hannayen biyar sun bambanta, domin mutum biyar ba za su danna fensir iri ɗaya ba, in duk nauyinsu da karkatarsu ɗaya ne toh mutum ɗaya ya zauna ya yi su. Rawar hannu ba aibi ba ce, dattijo ɗan tamanin da ya sa hannu sau ɗari huɗu kafin ya iso kan taka dole hannunsa ya nuna gajiya, ni na fi tsoron wanda ya fito tsaf-tsaf a hankali kamar an bi layi.

Satifiket kuma, wanda masu talla ke ɗagawa sama, takarda ce kawai. Na kamfanin da ya buga, mai lamba daidai da ta jikin zanen, yana da amfani kuma rashinsa yana rage kuɗi. Wanda mai sayarwa ya buga da kansa a firintar gida ba ya tabbatar da komai.

Abin da ya sa na ce zaton gaske ya fi yawa a naka, Galland da Johnson suna cikin waɗanda suka fi kowa sa hannu, kuma ɗan damfara ba ya wahalar da kansa ya nemo takarda mai kauri ya buga zane mai faɗin kusan mita ɗaya ya ƙirƙiri hannu biyar saboda fam ɗari uku da wani abu. Damfarar da na fi gani ba ta kai nan ba, ita ce a ɗauki fosta mai sa hannun da inji ya buga a sa ta a firam mai kyau a yi shiru a bar mai saye ya yaudari kansa.

Maganar jari

Gaskiya ne an kusa rufe ƙofa. John Hemingway, na ƙarshe cikin matuƙan da suka kare Ingila a yaƙin sama na 1940, ya rasu a Maris 2025 yana da shekara 105. Bud Anderson na Amurka ya rasu a Mayu 2024 yana da 102. Charles McGee, ɗaya daga cikin matuƙan Amurka baƙar fata na Tuskegee da jiragensu ke da jar wutsiya, ya rasu a Janairu 2022 shi ma yana da 102. Sabon sa hannu ba zai ƙaru ba, mai tallanka bai yi ƙarya a nan ba.

Inda ya yi shiru shi ne yawan wanda ke ƙasa. Yi lissafi da kanka, bugu ɗaya kwafi dubu, hannu dubu kenan, matuƙin da ya yi bugu ashirin ya bar dubu ashirin, ban da littattafai da hotuna da ambulan. Kuma ba wanda ke jefar da irin wannan kaya, an saye su ne da niyyar ajiya, da yawa ma ba a taɓa fito da su daga kwali ba. Ta ɓangaren masu saye kuma, waɗanda suka yi rububinsu a shekarun 1980 da 1990 mutanen da suka tashi da labarin yaƙin a bakin iyayensu ne, yanzu su ma sun tsufa, suna rage kaya ko suna rasuwa, magada kuma su kwashi tarin su kai gwanjo gaba ɗaya. Kaya na fitowa, masu nema ba su ƙaru yadda kayan ke fitowa ba. Ina ganin wannan a shago, mutum ya shigo da zanen mahaifinsa da rasit ɗin asali yana sa ran ya ninka, a ƙarshe abin da dillali zai ba shi bai kai kuɗin firam ɗin ba.

Ba duka ne haka ba. Masu riƙe daraja su ne tsofaffin bugun sanannun masu zane da suka ƙare tun da daɗewa, da masu hannun waɗanda suka mutu da wuri ba su samu sa hannu da yawa ba irin Bader, da waɗanda mai zanen ya ƙara ɗan ƙaramin zanen fensir da hannunsa a gefe, domin wannan kowanne guda ɗaya ne. Masu alamar A/P, wato 'yan kwafin da aka ware wa mai zane, sukan ɗan fi tsada duk da hoton ɗaya ne. Sannan in matuƙan da suka sa hannu su ne ainihin waɗanda suka yi gumurzun da aka zana, ya fi a ce an tattaro sunaye ne kawai don a cika gefe. Amma ko waɗannan, in ka cire kason gidan gwanjo da kuɗin aikawa ribar ba ta taka kara ta karya ba, ballantana kai da za ka kai shi Kano inda in ka tashi sayarwa sai ka sake fito da shi waje.

Don ka san ko 380 ta yi, kar ka kalli abin da wasu suka sa, kowa na iya sa abin da ya ga dama. A eBay akwai wajen da ake tace waɗanda aka riga aka sayar, ka rubuta sunan zanen ka ga nawa mutane suka biya da gaske, ka leƙa sakamakon gidajen gwanjo ma. Sau da yawa tazarar tana da faɗi, kuma da ita za ka yi ciniki.

Lafiyar takardar

A nan ne kuɗi ke zubewa ba a sani ba. Abu na farko koɗewa. Rana tana fara cin ja da rawaya ta bar shuɗi, kamar tsofaffin fostocin shagon aski da suka koma shuɗi-shuɗi, toh in ka ga ciyawa da kakin jirgi sun yi fari-fari sararin sama kaɗai ya rage da ƙarfi, wannan ya sha rana kuma ba mai dawo da shi. Gwada hoton mai talla da na wani kwafin a intanet za ka gani.

In a firam yake ka ƙara taka-tsantsan, firam yana ɓoye aibi. A da masu firam da yawa suna manne takardar gaba ɗaya a jikin katako ko kwali da gam mai zafi don ta kwanta, wasu su yanke farin gefen don ya shiga firam ɗin da suke da shi, wasu su kama ta da salatif. Duk ukun suna karya daraja sosai, mannewar ma sau da yawa ba ta warwaruwa. Kwalin gefe mai arha kuma yana da asid, yana barin layi ruwan ƙasa zagaye da hoton. Sai ɗigo-ɗigo masu kalar tsatsa da danshi ke kawowa. Ka ce a cire shi daga firam a ɗauko maka hoton gaba da baya da kusurwa huɗu, wanda ya ƙi yana da dalili.

Wajen tahowa da shi, gilashi ba ya son jirgi, in ya fashe shi zai yanka zanen. A raba su, a sa takardar tsakanin kwalaye biyu masu tauri a kwance, in dole sai an naɗe toh a bututun kwali mai faɗi, hoton yana kallon waje, da siririyar takarda a kai, kuma kar ya kwana wata da watanni a naɗe. In ya iso kar ka danne shi da ƙarfi, ka bar shi ya saki jiki da kansa.

A gida, kar ka rataye shi a bangon da rana ke bugawa ko bangon da ke jiƙewa a watan Agusta, kar kusa da kicin ko inda hayaƙin janareta ko turaren wuta ke zuwa. Mai firam ya sa kwalin gefe marar asid yadda takardar ba za ta taɓa gilashi ba, domin in danshi ya taru za ta manne, ya rufe bayan ruf saboda ƙurar hunturu da kyankyasai da gara, a bar ɗan sarari tsakanin firam da bango iska ta riƙa wucewa. Gilashi mai tare hasken da ke cin kala yana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba, in ƙaninka zai iya samo na roba mai wannan aikin ya haɗo da shi, ba ya fashewa. Kuma don Allah kar ka bari kowa ya yi masa laminetin, na san niyyar kariya ce amma daga ranar ya tashi daga abin tarawa ya koma fosta.

Tunda Kano za shi, ga wani abu da zai sa Hurricane, wani jirgin yaƙin Ingilan, ya fi Spitfire ma'ana a bangonka. Daga Satumba 1940 Ingila ta riƙa kawo jirage a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yanzu, a haɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena, su ratsa Sudan ta El Fasher da Kartum har Masar, ayarin farko Hurricane shida ne da jirgin jefa bam na Blenheim ɗaya yana ja musu gaba, kuma jirage dubbai ne suka bi wannan hanya. Kenan da yawa cikin jiragen Hurricane da Kittyhawk da ake zanawa suna yaƙi a hamadar Arewacin Afirka ta saman garinku suka wuce. Da ni ne mai saye, zanen yaƙin hamada zan nema.

Iyakata a nan, ba zan iya ce maka wannan takamaiman na gaske ne daga hoton waya ba, ba kuma wanda zai iya, sai an riƙe takardar a hannu. Farashi ma ba zan yanka maka ba tunda ban ga sunan zanen da lafiyarsa ba. Ka samo sunan zanen da mai zanen da shekarar bugu, hoton kowane sa hannu daga kusa, hoton baya, da satifiket ɗin kamfani. In sun yi daidai da abin da dillalai suka rubuta, ƙaninka ya je ya haska tocila, ku biya ta hanyar da eBay ke iya dawo muku da kuɗi, kar ku yarda da tura kuɗi ta gefe ko da an ce za a rage muku. Ka taya ƙasa da 380 gwargwadon abin da ka ga an sayar, kuma kuɗin ya zama wanda ko bai dawo ba ba zai hana ka barci ba.